Bayan Na Sauka Daga Mumbari: Inda Tambayoyina Suka Kai Ni

Tun da na ajiye aikin fasto, tambayar da aka fi yi mini ita ce wane addini na koma. Ba na ganin laifin masu tambayar, domin a ƙasarmu ba a saba ganin mutum ya fita daga majami'a bai nufi masallaci ba, ko ya fita daga masallaci bai nufi majami'a ba. Amsar ita ce ban koma ko'ina ba. Na daina gaskata abin da na yi shekaru ina wa'azinsa, kuma na zauna ina binciken ko akwai Allah ko babu, tambayar da a da ko a zuci ba na barin ta ta tsaya. Ban sa sunana a wannan rubutu ba, kuma ba zan ambaci ɗarikar da na yi wa hidima ba, saboda ba ta yi mini abin da zan kai ƙararta gaban jama'a ba, ga shi kuma iyalina suna cikinta har gobe.

Ni Bahaushe ne gaba da baya. Kakana Bamaguje ne, manomi, wanda ya gaji tsafin gidansu. Ko da yake mishan ɗin SIM, wato Sudan Interior Mission, ya iso Nijeriya tun 1893, gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana masu bishara aiki a cikin masarautun Musulmi, sai a shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe ta hanyar asibitocin kutare a Kano da Katsina da Sakkwato. Ta wannan ƙofa bishara ta riski kakana. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya yake da babban hannu a ciki, kuma da wannan littafi mahaifina ya koyi karatun boko kafin ya zama mai bishara a ƙauyuka. Saboda haka ranar da aka keɓe ni aikin fasto, gidanmu ya ɗauke ta a matsayin cikar abin da aka faro tun daga kaka. Na faɗi wannan ne domin mai karatu ya san cewa ban shiga hidima don neman abinci ba, kuma ban fita don na raina ta ba.

Mutane da yawa suna zaton karatu ne ya ɓata ni. Gaskiya ne cewa a makarantar tauhidi an koya mana abubuwan da mai zuwa sujada ranar Lahadi bai taɓa ji ba. An koya mana cewa tsofaffin rubutattun kwafin Bisharar Markus na Helenanci, wato na Sina'i da na Batikan waɗanda aka rubuta a ƙarni na 4, sun tsaya a sura 16 aya 8, ba su da ayoyi na 9 zuwa 20, inda ake maganar ɗaukar macizai da ɗora wa marasa lafiya hannu. An koya mana cewa labarin matar da aka kama da zina, wanda yake a farkon sura 8 ta Bisharar Yahaya, babu shi a cikin kwafin da suka fi tsufa. Mun ga cewa Matiyu ya sa haihuwar Yesu a zamanin Sarki Hirudus, wanda ya mutu a shekara ta 4 kafin Miladiyya, alhali Luka ya haɗa ta da ƙidayar Kiriniyas, gwamnan Suriya, wadda tarihi ya sa a shekara ta 6 Miladiyya. Mun ga Matiyu ya ce Yahuza rataye kansa ya yi, Ayyukan Manzanni kuma suka ce faɗuwa ya yi cikinsa ya fashe. Kowanne daga cikin waɗannan yana da amsar da aka tanada, mun haddace amsoshin, mun ci jarrabawa. Waɗannan abubuwa ba su rushe bangaskiyata ba a lokacin. Abin da suka bar mini shi ne sanin cewa littafin nan ya bi ta hannun 'yan Adam, masu kwafi da masu gyara da masu ƙari, da kuma wata damuwa da ta daɗe a raina, ta ganin cewa mu fastoci mun san haka amma al'adar aikin ita ce kada a faɗa wa jama'a don kada a sa su tuntuɓe.

Makabarta ce ta yi aikin da aji bai yi ba. Faston ƙauye shi ne mai jana'iza, kuma yawancin waɗanda yake binnewa yara ne. Akwai wani gida a ikilisiyar da na riƙe, mutanen kirki, masu aminci wajen baiko da zakka, waɗanda suka rasa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya saboda ciwon sikila. Mun yi azumi, mun yi addu'ar dare, zumuntar mata ta kwana a gidan tana roƙo. Ranar da muka binne na ƙarshensu, uwar ta same ni bayan jama'a sun watse, ta durƙusa ta ce, "Baba Fasto, ka gaya mini laifin da na yi in tuba, domin na bincika zuciyata ban gano shi ba." Na ce mata ba laifinta ba ne, na ce nufin Allah ya fi ƙarfin ganewarmu, na karanta mata inda manzo Bulus yake cewa dukan abubuwa suna aiki tare zuwa alheri ga masu ƙaunar Allah. Ta yi godiya ta tafi. Ni kuwa na san dalilin mutuwar yaran sarai: ita da mijinta duka suna da jinin AS, kuma a irin wannan aure kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da wannan ciwo a Nijeriya kowace shekara. Na kuma lura cewa ikilisiyoyinmu da yawa yanzu ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini, abin da nake goyon baya ɗari bisa ɗari, amma wanda yake nuna cewa idan magana ta kai ga ran 'ya'yanmu, mun fi amincewa da sakamakon asibiti a kan alkawarin cewa duk abin da muka roƙa da bangaskiya za mu samu.

Amsar da muka saba bayarwa game da wahala ita ce Allah ya ba mutum 'yancin zaɓi, mutum ya zaɓi mugunta. Wannan amsa tana iya ɗaukar nauyin ɗan fashi da ɗan ta'adda, amma ba ta ɗaukar nauyin sikila, ko sanƙarau da ya kashe mutane fiye da 11,000 a Nijeriya a 1996, ko zazzabin cizon sauro wanda kusan kashi 30 cikin 100 na masu mutuwa da shi a duniya 'yan ƙasar nan ne, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Babu wanda ya zaɓi waɗannan. Idan aka ce faɗuwar Adamu ce ta jawo su, sai in tambaya wane irin adalci ne ke sa jaririn wata shida ya biya bashin wanda bai sani ba. Idan aka ce gwaji ne, sai in tambaya wa ake gwadawa, domin yaron da ya mutu bai koyi darasin komai ba, kuma uban da zai azabtar da ɗansa don ya koya wa uwar haƙuri ba za mu kira shi mai ƙauna ba. Na koma littafin Ayuba ina neman mafita, na tarar cewa Ayuba ya yi tambayar da nake yi, abokansa sun ba shi amsoshin da nake ba mutane, Allah ya tsawata wa abokan, amma shi kansa bai faɗi dalili ba, sai dai ya nuna girman ikonsa. A da ina wa'azin wannan a matsayin koyarwar tawali'u. Daga baya na ga cewa tambayar tana nan yadda take, ba a amsa ta ba.

Sai kuma batun addu'a a cikin shekarun tashin hankali. Mun yi addu'a domin 'yan matan Chibok su 276 da aka sace a watan Afrilun 2014, kuma har yau akwai waɗanda ba su dawo ba. Mun yi addu'a domin Leah Sharibu, ɗaliba Kirista da aka sace a Dapchi, tun daga Fabrairun 2018. Mun yi addu'a domin Rabaran Lawan Andimi na Michika, aka kashe shi a Janairun 2020. Idan aka sako mutum mu ce Allah ya amsa, idan aka kashe shi mu ce Allah ya kira bawansa gida, ta yadda babu wani sakamako da zai iya nuna cewa ba a ji addu'ar ba. Na duba makwabtanmu Musulmi na ga abin nan ɗaya ne. An tayar da bam a cocin Madalla ranar Kirsimeti ta 2011 mutane suna fitowa daga sujada, an tayar da bam a babban masallacin Kano a Nuwamban 2014 mutane suna sallar Juma'a, fiye da ɗari suka mutu. Kowane ɓangare yana cikin ibada aka same shi, kuma kowane ɓangare ya ce wa masu makoki ƙaddara ce ko nufin Allah ne.

Koyarwar hallaka ta har abada ita ce ta ƙarasa abin da ya rage. A watan Yunin 2018, lokacin da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, dattijo mai shekaru sama da tamanin, ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. Mun yaba masa a kan mumbari, amma bisa ga abin da na yi rantsuwar koyarwa, wannan dattijo ɓatacce ne muddin bai karɓi Yesu a matsayin Mai Ceto ba, alhali wanda ya zo kashe mutanen nan zai shiga sama idan ya tuba a daren mutuwarsa. Na kasa haɗiye wannan. Haka kuma iyayen kakana, waɗanda suka rayu suka mutu bishara ba ta iso ƙauyensu ba, ba don sun ƙi ta ba, sai don wata yarjejeniya tsakanin Turawan mulki da sarakuna. Rabin danginmu sun musulunta, rabi sun zama Kirista, kuma abin da ya raba su bai wuce wanda ya riga isa ƙofar gidan kowannensu ba, malami ko mai bishara. Da an haife ni a gidan ƙanin kakana, da yanzu ina iya zama malamin zaure, ina da tabbaci irin wanda nake da shi a kan mumbari, ina kuma tausaya wa 'yan uwana Kirista kamar yadda na yi ta tausaya wa 'yan uwana Musulmi.

Na daɗe ina wa'azi da wannan nauyi. Na riƙa zaɓen nassosin da zan iya faɗa da zuciya ɗaya, kamar Basamariye mai tausayi da ciyar da mayunwata, ina kauce wa sauran. Na yi azumi, na nemi shawarar wani babban fasto da nake girmamawa, ya ce mini, "Ɗana, kowane bawan Allah yana ratsa wannan jeji, ka riƙe aikin, bangaskiya za ta dawo." Na gaskata cewa da kyakkyawar niyya ya faɗa, na kuma jira. Amma aikin fasto ba wa'azi ne kaɗai ba. Akwai baftisma, akwai jibin Ubangiji, akwai tsayawa a bakin kabari a ce wa gwauruwa da cikakken tabbaci za ta sake ganin mijinta. Mutanen nan suna ba ni daga ɗan abin da suka noma saboda sun amince cewa abin da nake faɗa na gaskata shi, kuma na kai matsayin da ci gaba da karɓa ya zama cin amana. Na kira dattawan ikilisiya na gaya musu zan sauka.

Abin da ya biyo baya ya fi abin da na zata nauyi, kuma ba ta fuskar kuɗi kaɗai ba, ko da yake barin gidan fasto da neman sana'a da takardar tauhidi a hannu ba ƙaramin abu ba ne. Bahaushe Kirista mutum ne da ya saba zama a tsakiya: 'yan uwansa Hausawa suna mamakin yadda Bahaushe zai zama Kirista, wasu Kiristocin kuma suna kallonsa da ɗari-ɗari saboda harshensa da shigarsa. Ikilisiya ita ce danginmu, ita ce makarantar 'ya'yanmu, ita ce mai tara kuɗin asibiti da na fansa idan an sace wani. A irin wannan hali, fasto ya ce ya daina ba da gaskiya, abin da jama'a suke ji shi ne ya gudu ya bar su a lokacin da ake kashe su saboda sunan da shi ya ajiye. Wani dattijo ya ce mini, hawaye na zuba, "Malam, wasu sun ba da ransu ba su yi musun Almasihu ba, kai ba wanda ya ɗora maka wuƙa." Wannan magana ta shige ni, kuma ba na ganin ta rashin adalci ce gaba ɗaya. Abin da zan iya cewa shi ne jaruntakar wanda ya mutu saboda imaninsa tana nuna gaskiyar zuciyarsa, amma ba ta tabbatar da abin da ya yi imani da shi, tun da kowane addini yana da shahidansa. Jita-jita ta bazu cewa zan musulunta, wasu abokai Musulmi suka zo da littattafai da fara'a, na karɓe su da mutunci, na kuma gaya musu cewa tambayoyin da suka fitar da ni daga can suna nan suna jirana a wurinsu.

A wannan lokaci ne na fara karanta abin da waɗanda ba su yarda da samuwar Allah ba suke faɗa da bakinsu, maimakon abin da muke faɗa a kansu. Na gano cewa a 2010 masanin falsafa Daniel Dennett da Linda LaScola sun wallafa bincike a kan fastoci biyar a Amurka waɗanda suke kan aiki alhali sun daina ba da gaskiya, kuma a 2011 aka kafa Clergy Project domin irin waɗannan ma'aikatan addini su sami inda za su yi magana a asirce. Na gano cewa abin ba na Turawa ba ne kaɗai. Tai Solarin, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956, ya rayu yana faɗa a fili cewa ba ya bin addini har ya rasu a 1994, kuma ƙasar nan ba ta daina girmama shi saboda riƙon gaskiyarsa ba. Leo Igwe, wanda ya taɓa zama ɗalibi a makarantar horar da limaman Katolika, ya shafe shekaru yana kare yara da tsofaffin da ake zargi da maita. Sanin wannan ya rage mini tsoron da aka gina a raina tun ina yaro, cewa wanda ya bar Allah dole ya zama fasiƙi. Na duba kaina ban ga sha'awar sata ko cuta ta ƙaru ba. Tausayin da ya sa na kasa jure mutuwar yaran nan shi ne dai yake tare da ni.

Duk da haka, akwai abin da ban karɓa ba a wurin yawancin masu wannan ra'ayi da nake gani a intanet, wato raini. Suna magana kamar duk mai ba da gaskiya wawa ne ko maƙaryaci. Mahaifiyata ba wawuya ba ce, kuma matan zumunta da suke dafa abinci su kai gidan makoki, su biya kuɗin makarantar marayu daga cinikin ƙuli-ƙuli, sun fi masu yi musu ba'a amfani ga jama'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda bai taɓa zama cikin ikilisiyar ƙauye ba bai san abin da take riƙe da shi ba. Haka kuma ban ga cewa rashin yarda da Allah ya warware kowace tambaya ba. Dalilin da ya sa akwai wani abu maimakon babu, da yadda nama da jini suka zama mai tunani, waɗannan suna nan a buɗe. Bambancin shi ne yanzu ina iya barin su a buɗe ba tare da na cika gurbin da amsar da ban tabbatar ba. Matsayina a yau shi ne ban yarda akwai Allah mai jin addu'a, mai shirya kowane al'amari, mai tanadin wuta ga wanda bai bi hanya ɗaya ba. Game da ko akwai wani tushe da ya wuce ganewarmu, ban ga hujjar da ta isa in rantse a kanta ba, ta kowane ɓangare.

Dole in faɗi cewa halin da nake ciki ya fi na wasu sauƙi. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da lamiri da addini, har da 'yancin sauya addini ko aƙida, amma abin da ke takarda daban, abin da ke titi daban. An kama Mubarak Bala, wanda ya fito daga gidan Musulmi ya daina bin addini, a Kaduna a Afrilun 2020 saboda rubuce-rubucensa a Facebook, kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a Afrilun 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024 kafin daga baya ya fito. An kashe Deborah Samuel a Sakkwato a Mayun 2022 saboda zargin ɓatanci. Ni abin da na rasa albashi ne da matsayi da wasu abokai, wanda ya fito daga gidan Musulmi ya faɗi irin abin da nake faɗa yana iya rasa 'yancinsa ko ransa. Ba sai mutum ya yarda da kalaman wani ba kafin ya ce bai kamata a ɗaure shi ko a kashe shi saboda magana ba, kuma ina ganin ikilisiyar da take neman wannan 'yanci ga wanda ya bar Musulunci ya zo gare ta, wajibi ne ta ba da shi ga ɗanta da ya bar ta.

Wannan ne na yi ƙoƙarin bayyana wa mahaifiyata. A gidanmu ana ba da labarin kakana da alfahari: yadda ya bar tsafin iyayensa saboda zuciyarsa ta daina yarda da shi, yadda aka ƙi cin abinci da shi, aka ce ya tozarta kakanni, shi kuwa ya tsaya a kan abin da ya gani gaskiya ne. Na ce mata, "Inna, abin da Kaka ya yi shi nake yi, sai dai inda bincikena ya kai ni ba inda nasa ya kai shi ba ne." Ba ta yarda ba. Ta ce shi haske ya bi, ni kuwa duhu na nufa, kuma ba za ta daina yi mini addu'a ba muddin tana numfashi. Ban hana ta ba, domin na san wannan ita ce hanyar da take da ita ta nuna ƙauna.

A gida mun yi yarjejeniya da uwar 'ya'yana, wadda wannan al'amari ya fi kowa taɓawa, tun da ita fasto ta aura kuma ba a yi shawara da ita ba kafin ƙasa ta motsa a ƙarƙashinta. Tana zuwa sujada da yara, ni nake kai su. Ba na kushe bangaskiyarta a gabansu, ita kuma ba ta ce musu ubansu ya shiga hannun Shaiɗan. Idan yaro ya tambaye ni abin da na gaskata, ina faɗa masa gaskiya gwargwadon shekarunsa, in kuma ce ya tambayi mahaifiyarsa ya ji nata. Babbar 'yarmu ta shiga ajin baftisma a bana, ta zo ta tambaye ni ko zan ji haushi. Na ce mata ba zan ji ba, na zauna na taimaka mata da darussan, har da ayoyin ƙarshen Markus da abin da aka sani game da su, kuma na yi mata alkawari zan kasance a bakin rafi ranar da za a yi mata.